Azumin da Aka Haɗa Mu da Garba

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara. Ajin da nake koyarwa a Sabon Gari rufin kwano ne babu silin, da hantsi ya ɗaga sai ka ji kwanon yana ƙas-ƙas, zafi yana sauko maka a ka kamar an kife ka da murfin tukunya. A makon farko ina tsaye ina rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa a allo, darasin da yara ke kira sibik, alli yana jiƙewa a yatsuna don gumi, na juyo na tarar rabin ajin sun kifa kai a kan benci. Ban yi musu tsawa ba. Ni kaina harshena ya manne da ganɗa. Ina tsaye ina kallonsu sai lissafi ya zo mini: ashe wata ya zagayo, azumi ya dawo daidai inda ya same mu ina 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

A Samaru muke a lokacin, a wani gidan haya bayan kasuwa, ɗaki biyu da rumfa. Baba masinja ne a jami'a, Inna kuma tana suyar ƙosai da yamma a ƙofar gida. Bazarar shekarar ta zo da mugun hali. Famfon layinmu ya ƙafe, rijiyar gidan ta koma taɓo, in ka jefa guga sai ya dawo maka da laka. Don haka da mun yi sahur an sallame asuba, ni da yayana Nura mu ɗauki garwa da bokiti mu gangara fadama, inda rijiya ɗaya ta rage da ruwa. Kafin mu isa layi ya riga ya miƙe, mata da yara kowa ya ajiye bokitinsa a bayan na wani. Ruwan ja ne, sai Inna ta jefa masa alam ya kwanta tukuna. Da shi za a wanke wake, da shi za a dama kunu, abin da ya rage a yi alwala. Ruwan alwalar ma a kwano ake tara shi, da la'asar a yayyafa wa tsakar gida ko ƙasa ta huce. Kananzir ya ɓace a gari, Inna ta ɗora risho a kan kabad ta koma murhun kara. Har yau in na ji hayaƙin kara ya haɗu da ƙamshin man gyaɗa a wuta, yunwar la'asar ɗin nan ce ke taso mini.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata. Malamai sun yi watanni ba su ga albashi ba, kuma ba na ganin laifin waɗanda suka janye jiki, kowa da iyalinsa. Wani ya zo ya sa hannu a ofis ya hau babur ya tafi acaɓa, wani ya aiko da littafinsa monita ya kwafe mana a allo. Malamin lissafi sai mu yi mako ba mu sa shi a ido ba. Ga shi kuma babbar jarrabawar aji uku tana tafe a farkon damina, wadda in ka faɗi ba ka wucewa babbar sakandare.

Wanda bai taɓa fashi ba shi ne Malam Yohanna, mai koya mana soshal. A cikin soshal ne a wancan zamanin ake karanta sha'anin gwamnati da haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa. Malam Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, siriri mai dogon wuya, yana zuwa a kan wani tsohon keke da ya ɗaure wa sirdi da roba. A shekarar azuminmu ya haɗu da nasu na kafin Ista, don haka shi ma leɓensa a bushe yake kamar namu.

Littattafan soshal ɗin makarantar 'yan kaɗan ne, ba za su isa kowa ba. Da azumi ya kama sai Malam ya shigo da su a rungume, ya raba mu huɗu-huɗu, kowane rukuni littafi ɗaya. Shi ya yi zaɓen da kansa, bai bar kowa ya bi abokinsa ba.

"Kun san gayya ai," ya ce. "To, gayyar karatu za mu yi. Kowane babi zan raba shi gida huɗu. Kowa ya karanta kasonsa ya koya wa sauran ukun. Ranar Juma'a in yi gwaji, in haɗa makinku ku huɗun in raba daidai. Abin da ya fito, shi ne na kowa."

Aji ya ɗauki guna-guni. Ya ɗaga hannu.

"Saura ɗaya. Ba rukunin da ya fi maki zan duba ba. Wanda ya fi matsawa gaba daga inda yake makon jiya, shi zan duba. Su za su yi karatunsu a gindin tsamiya mako mai zuwa."

Wanda bai san makarantar ba ba zai gane girman wannan alkawari ba. Bishiyoyin filin duk darbejiya ne da suka kaɗe ganye, inuwarsu kamar rariya. Tsamiya guda ɗaya ce, a bayan ajinmu, inuwarta baƙa ƙirin, ƙasarta da sanyi ko da tsakar rana. Mai azumi a watan nan zai iya ba da takalminsa don a bar shi ya zauna a wurin.

Mutum ukun da aka haɗa ni da su, akwai Rifkatu, 'yar soja daga barikin Basawa, mai dariya da ƙarfi. Akwai Emeka, wanda babansa ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, Hausarsa ta kasuwa ta fi tawa kaifi. Sai Garba. Garba daga wani ƙauye yake a bayan Shika, ya girme mu duka har gashin baki ya fara fito masa, ya maimaita aji, kuma yana da i'ina mai tsanani. Tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa a aji ba. In malami ya kira shi sai ya miƙe ya sunkuyar da kai har a gaji a ce ya zauna.

Ni kuwa ni ke zuwa ta ɗaya. Da aka tashi na bi Malam har gindin kekensa.

"Malam, don Allah a canza mini rukuni."

"Me suka yi miki, Hadiza?"

"Garba zai ja mini maki ƙasa."

"Zai ja kam," ya ce, yana ɗaure littattafansa a bayan keke. "Makon nan zai ja, mai zuwa ma wataƙila. Ke kin iya, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne ko kin iya sa wani ya iya. Shi nake so in gani."

Ya hau kekensa ya bar ni tsaye a rana.

Juma'ar farko mu muka zo na ƙarshe. Emeka ya yi ta masifa a gindin darbejiya.

"Wallahi wannan zalunci ne! Ni in karanta, wani ya yi barci, a raba mana daidai?"

Garba yana ta murza bakin rigarsa. Rifkatu ce ta tare maganar.

"Ba barci ya yi ba, ina kallonsa. Yana karantawa, Turancin ne ba ya shiga. Ku bari mu riƙa faɗa da Hausa tukuna. In ya zauna masa, sai mu sa masa rigar Turanci."

Haka muka koma yi. Babi na gaba a kan rassan gwamnati ne da yadda kowanne ke taka wa ɗan'uwansa birki. Emeka ya kwatanta kasonsa da ƙungiyar 'yan kasuwar layinsu, waɗanda ke zama su tsayar da ƙa'ida. Rifkatu ta kwatanta nata da wani saje a barikinsu wanda ba shi ke yin doka ba amma shi ke bi gida-gida ya ga an share. Kason Garba shi ne na shari'a. Malam kuwa ya riga ya kafa mana doka guda: in Garba yana magana, ba wanda zai ƙarasa masa kalma. Duk dokokin makarantar babu mai wuyar wannan. Kalma za ta maƙale masa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan littafi, kai kuwa kalmar tana bakinka tana yi maka ƙaiƙayi. Emeka sai ya toshe bakinsa da hannu biyu yana buga ƙafa a ƙasa. Muka jira. A hankali Garba ya ba mu labarin rikicin iyakar gona tsakanin kawunsa da wani mai hali a ƙauyensu, yadda dagaci ya karkata wajen mai halin, alƙali ya ce sai an kawo shaidu.

"Da-da-da a ce dagacin ne alƙali," ya ce, "da gonan ya tafi."

Muka kalli juna. Ashe ya daɗe da ganewa, jiransa ne ba a taɓa yi ba. Daga ranar na riƙa rubuta masa kalmomin Turancin manya-manya yana kwafa, Rifkatu tana yi masa tambayoyi a hanya in an tashi, yana tura kekensa suna tafiya har inda hanyarsu ta rabu.

A goman tsakiya zafi ya kai maƙura. Iska ta tsaya cik, ko tsuntsu ba ya kuka da rana. Wata yarinya ta suma a wajen taron safe. Rifkatu da Emeka ba sa azumi irin namu, amma ba su taɓa shan ruwa a gabanmu ba, sai su zaga bayan aji su sha su goge baki su dawo. A bariki wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma maman Rifkatu tana da firji. Wata rana Rifkatu ta zo da ƙunshin tsumman buhu ta tura mini ƙarƙashin benci. Ƙanƙara ce dunƙule guda kamar bulo, an binne ta a garin katako.

"In ji Mama, ku sha ruwa da ita."

Har aka tashi hankalina yana kanta, ina jin tana ɗiga a ƙafata. Kafin in kai gida ta koma kamar sabulun wanka. Inna ta wanke ta ta jefa a kwanon ruwan tsamiya ta rufe da faifai. Da aka kira magariba Baba ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"'Yar wane gida ce yarinyar nan? Allah ya yi mata albarka."

Daga nan kullum sai Inna ta ware ƙosai ta ƙunsa mini in kai wa Rifkatu da safe.

A Juma'ar da ta biyo baya, bayan gwajin rubutu, Malam ya ce zai kira mutum ɗaya ya fito ya yi wa aji bayani da Turanci. Ya kira Garba. Garba ya fito yana riƙe da gefen tebur, ya buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa daga baya. Malam yana jingine da ƙofa, kallo kawai ya bi masu dariyar da shi ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru don kansu. Kalmar ta fita, ta biyu ta biyo ta. Ya daɗe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, Turancin a karye yake, amma babu inda ya kauce. Da ya gama Emeka ya haye kan benci yana ihu, sai da Malam ya ce ya sauko kafin firinsifal ya ji.

Mu muka samu tsamiya a goman ƙarshe. Ba zan manta da yadda sanyin ƙasar wurin ke ratsa siket ɗina ba, da ɗan ganyen da ke zubo mana a kan littafi. Sauran rukunan suna can cikin inuwar rariya suna hararmu. Amma abin da na lura da shi, a makon nan kowane rukuni ya zagaye nasa Garban. Yaran da da ba a ko tambayarsu biro sai ga shi ana jan hannunsu ana cewa su maimaita.

Bayan Sallah da 'yan makonni hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya daɗe yana yaudararmu, ya taso baƙi ƙirin da iska, ya kwashe wa mutane rufi, ya watse ba ɗigo. Ranar da ya sauka muna aji. Kwano ya ɗauki ƙara har ba ka jin na kusa da kai, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, yara suka fice da gudu. Malam bai hana ba, shi ma ya miƙa hannu waje ya tara ya shafa a fuska. A gida Inna ta jera duk abin da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin indararo, har tukunyar miya.

Washegari Garba bai zo ba. Aka yi kwanaki wurinsa babu kowa. Malam ya tsaya a kanmu.

"Ina ɗan'uwanku?"

"Ba mu sani ba, Malam."

"In ku ba ku sani ba, wa zai sani?"

Da aka tashi ya juya kekensa ya nufi hanyar Shika. Da safe ya shigo aji fuskarsa ba walwala.

"Baban Garba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Garba ne babba a gidan. Ƙasa ta jiƙa, in bai yi shuka yanzu ba bana ba su da abinci. In kuma ya tsaya yi shi kaɗai, jarrabawa ta wuce shi. Ni ranar Asabar zan je. Ban ce dole ba. Wanda iyayensa suka yarda, mu haɗu a tasha."

Da na faɗa a gida Baba ya ɓata rai. 'Ya mace, ƙauyen da ba a sani ba, gonar mutanen da ba dangi ba. Inna tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, malamin nan fa wata nawa ba a biya shi ba, kuma shi ne zai je ya yi wa ɗalibinsa shuka." Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ki je. Amma Nura ya raka ki, kuma magariba ta same ku a gida."

Da yawa muka je, har da 'yan wasu rukunan. Maƙwabtan su Garba sun riga sun taimaka da shanun huɗa, kunyoyi suna kwance baƙi-baƙi, ƙasa tana tururi da rana ta fito. Maza suka ɗauki sungumi suna sara, mu mata muna bi da iri a ƙwarya, a jefa a take da diddige. Dawa a tudu, masara kusa da gida. Malam ya naɗe wando ya kama sungumi, da ganin riƙon ka san a gona ya tashi. In ya kai bakin kunya sai ya ɗaga murya.

"Garba! Wa ke yin doka?"

Garba ya amsa daga can nesa, da ƙarfi, yana sara. Abin mamaki, in yana ihu tare da saukar sungumi i'inar sai ta yi sauƙi. Haka muka bi babi-babi har gonar ta kusa ƙarewa. Hannun Emeka ya yi bororo ya fashe, ya ɗaure da hankici ya ci gaba yana zagin sungumin. Rifkatu kuwa ta fi mu duka sauri, wai a wajen kakarta ta koya.

Da azahar mahaifiyar Garba ta fito mana da tuwon dawa da miyar kuka, babu nama, man ma sai ka nema. "Ku yi haƙuri, 'ya'yana, abin da ke akwai ke nan," ta yi ta faɗa. Daga baya Garba ya gaya mini ragowar irin ce aka niƙa mana. Kafin mu tafi muka shiga zaure gaishe da tsohon. Yana kwance a tabarma, bakinsa ya karkace. Ya kama hannun Malam da hannunsa mai motsi, yana so ya yi magana ta ƙi, hawaye yana gangara masa cikin kunne. Malam ya tsuguna.

"Baba, ɗanka yana da kai. Ka bar mana shi ya rubuta jarrabawa."

Tsohon ya gyaɗa kai.

Garba ya dawo, amma rabi-rabi, yau yana aji gobe yana noman farko. Mu kuma abin da muka iya yi masa na soshal ne, don shi kaɗai aka koya mana yadda ake yi tare. Lissafi mu ma laluben kanmu muke yi. Turanci kuwa abin da monita ya kwafe a allo ne kowa ya haddace a ɗakinsa. Aka yi jarrabawa ana tsuga ruwa, rufin zauren yana yoyo muna matsar da tebur.

Sakamako ya fito lokacin da aka fara gasa sabuwar masara a bakin titi. Firinsifal ya faɗa a taron safe cewa tun da ya zo makarantar bai ga aji ya ci soshal irin namu ba. Aka manna takarda a jikin ofis muka yi cincirindo. Na ci duka. Rifkatu da Emeka sun wuce. Garba ya ci soshal da maki mai kyau, har ya ɗara Emeka. Ya faɗi Turanci, ya faɗi lissafi. Babu hanyar wucewa, kuma wanda ya riga ya maimaita ba a sake ba shi dama.

Ya daɗe a tsaye yana bin layin sunansa da yatsa. Sai ya juyo yana murmushi.

"Na-na-na ci na Malam," ya ce.

Rifkatu ta fashe da kuka. Malam ya shiga wajen firinsifal ya daɗe, ya fito bai kalli kowa ba. Garba ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ya hau kekensa ya kama hanyar Shika.

Kafin shekara ta zagayo Malam ma ya tafi. Matarsa ta haihu, albashi bai daidaita ba, wani ɗan'uwansa ya samo masa aiki a Kaduna. Malamin da ya maye gurbinsa ya mayar da bencuna suka kalli allo kamar da. An yi wa baban Rifkatu canjin bariki, muka yi musayar saƙo na ɗan lokaci sannan ya yanke. Emeka na ji sun koma gida Gabas. Ni na yi karatun koyarwa, kuma ba sai an tambaye ni dalili ba.

Shekarun farko na aikina na yi gayyar karatu, ta kuma yi mini aiki. Yanzu ajin ya cika har bakin allo, babu wurin da za a juya benci. Bangon da ke tsakaninmu da aji na gaba bai kai rufi ba, in yara suka fara bayani wa juna sai malamar can ta aiko a rage surutu. Bishiyoyin filin an sare an gina sababbin azuzuwa. Ga manhaja da dole a gama kafin zango ya ƙare. Yaran suna haddace ma'anoni, da yawansu suna ci. Ruwa kuwa yanzu da sauƙi, ana sayar da shi a leda, ƙanƙara ma kowane shago akwai.

A goman tsakiyar azumin nan na kai Inna asibiti a Shika, ƙafafunta sun kumbura. Muna zaune a bencin jira, fanka tana juya iska mai zafi, sai wani dattijo mai furfura a gemu ya matso da katin asibiti a hannu.

"Ha-ha-hajiya, don Allah duba mini, wane ɗaki aka ce in kai ta?"

Ban kalli katin ba, fuskarsa na kalla.

"Garba?"

Ya ja baya ya ƙura mini ido. Sai ya dafa kai.

"Hadiza! Ikon Allah!"

Matarsa ya kawo, tana can kwance a benci na gaba. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya zauna nesa kaɗan muka yi ta tambayar bayan rabuwa. Tsohonsa bai kai kakar shekarar ba. Shi ya riƙe gidan, ya aurar da ƙannensa, har yanzu gonar nan yake nomawa. 'Ya'yansa duk ya sa su makaranta. Ya tambaye ni Rifkatu, ya tambaye ni Emeka yana dariya. Da ya tambayi Malam na gaya masa abin da wata abokiyar aikina 'yar cocinsu ta faɗa mini, cewa ya rasu shekarun baya a Kaduna. Garba ya sunkuyar da kai.

"Mutumin kirki," ya ce. "Shi kaɗai ya taɓa jira in gama magana."

Na gaya masa ni ma malama ce yanzu, kuma darasin Malam nake koyarwa. Fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Kina ra-ra-raba su huɗu-huɗu?"

Na ce masa yaran sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan, lokaci ba ya isa. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, bai katse ni ba. Sannan ya buɗe baki, kalma ta maƙale masa, jijiyar wuyansa ta tashi. Na jira.

"To wa-wa-wa ke zama da irina?"

Kafin in buɗe baki ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunan matarsa. Ya miƙe da sauri ya je ya tallafo ta. Na karanta masa lambar ɗakin, na nuna masa hanya, suka bi baranda a hankali har suka sha kwana.